Na iya taka birki, amma shan kwana ya gagare ni

Tambaya: Malam, barka da aiki. Yau rana ta uku ke nan ina koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara da allon sunobod, wanda ake ɗaure ƙafafu biyu a kansa, ɗaya gaba ɗaya baya. Ina iya saukowa a kan gefen allon da ke wajen diddige, haka ma gefen da ke wajen yatsu, amma da zarar na yi niyyar juyawa daga wannan zuwa wancan sai allon ya kwasa da gudu, in tsorata, in sha ƙasa. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, ko ban gan ka ba na san ƙafarka ta baya ce ke cin amanarka.

Babu yadda za a yi allo ya bar gefe ɗaya ya koma ɗaya sai hancinsa, wato gaban allon, ya fuskanci gangara kai tsaye, cikinsa ya kwanta sosai a kan ƙanƙara. A wannan ɗan taƙin, daƙiƙa ɗaya ko biyu, dole gudu ya ƙaru. Nan ne gaban mai koyo ke faɗuwa, sai ya ja jiki baya kamar wanda aka tura ruwan sanyi. To, da nauyinka ya koma baya, hancin allon ya daina cizon ƙanƙara, kuma da shi ake fara juyi. Ka ga ke nan gudun da kake tsoro kai ne ka ƙara masa tsawo.

Ka nemi gangara mafi sauƙi, mai faɗi, wadda ƙarshenta shimfiɗe yake. Ka fara a kan diddige, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Ɗora nauyi a ƙafar gaba, ka sauke yatsunta a hankali, ƙafar baya kuwa ka bar ta tukuna. Hancin zai sulale ƙasa da kansa. Yanzu ka jira. Ni nakan sa ɗalibaina su ƙirga ɗaya, biyu da ƙarfi, don wannan jiran shi ne abin da kowa ke son tsallakewa. Sai allon ya miƙe sannan ka danna ƙaurinka cikin takalmi, ka tura ƙugu gaba, ƙafar baya ta biyo. Kar ka sunkuya kana laluben ƙasa da hannu. Komawa diddige kuma kamar za ka zauna a kujera ne, kana ɗaga yatsu.

Idan ka yi gaggawar sauya gefe alhali allon na zamewa a gicciye, gefen da ke ƙasa zai kafe, ya maka ka da ƙasa kafin ka ce me. Saboda irin wannan faɗuwar ake sa hular kwano da abin kare wuyan hannu.

Ido kuma ya tafi inda kake son zuwa, ba kan takalminka ba, kafaɗu su daidaita da tsawon allon.

Kafin ka haɗa biyu, yi rabi-rabi: saki hancin ya leƙa gangara, ka dawo da shi kan gefen da ka taso, sau da yawa har gabanka ya daina faɗuwa. Daga nan ka sha kwana ɗaya cikakkiya ka tsaya cak, ka huta, ka sha ɗayar. In sun zauna, sai ka rage tsayawar, ka ɗan gitta gangarar har gudu ya lafa, ka sake sakin hancin.