Wace Sandar Fatsa Ce Ta Dace da Koton da Ba Ya Nutsewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗan gidan masunta ne daga wani ƙauye da ke bakin kogin Haɗeja, a ƙaramar hukumar Auyo, kuma da ragar kamun kifi irin su birgi da kalli na tashi. Yayana da ke aiki a Legas ya aiko mini da koton roba guda uku, irin wanda ke tsayawa a saman ruwa: ɗaya mai kwarmin baki, ɗaya dogo siriri kamar ɗan kifi, na uku kuma mai siffar kwaɗo. Na ɗaura su a sandar gorata na gwada, babu abin da na samu sai ciwon hannu. Idan na sayar da shinkafata zan shiga Kano in sayi sanda ta zamani, kuma wani mai shago ya ce in ɗauki wadda ta fi tsawo da kauri. Shin hakan daidai ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah Ya sanya albarka a sana'ar gado. Shawarar mai shagon ba ta dace da buƙatarka ba, kuma dalilin yana cikin bambancin da ke tsakanin wannan koto da wanda aka saba, wato tana, tsutsar ƙasa. Tana tana motsi da kanta, tana da ƙamshin da ke kiran kifi, saboda haka aikin sandar gora shi ne ta riƙe zare har a taɓa. Koton roba kuwa mataccen abu ne, ba shi da wani rai sai wanda wuyan hannunka ya ba shi, kuma ta cikin sandar ne wannan motsin yake bi ya isa gare shi. Sanda mai tsawo da nauyi tana cinye motsin tun bai kai ga zare ba, ga shi kuma tana gajiyar da kai kafin rana ta ɗaga.

Mu fara da tsawo. Mai kwarmin baki ana fizgarsa ne kaɗan-kaɗan ya fantsama ruwa yana ƙara, sannan a dakata. Dogon siririn nan kuma ana so ya riƙa karkata dama da hagu kamar ɗan kifin da ya ji rauni, kuma hakan ba ya samuwa sai ka sunkuyar da kan sandar ƙasa kana kaɗa ta a kai a kai, zaren yana ɗan sakin jiki tsakanin kaɗawa da kaɗawa. Idan sandar ta yi tsawo, kanta zai riƙa dukan ruwa ko gefen kwale-kwale. Abin da ya fi dacewa shi ne ƙafa 6 da rabi zuwa ƙafa 7, wato kimanin mita 2 zuwa mita 2.1. Mutumin da ba shi da tsawo sosai, ko wanda ke zaune a kwale-kwale, ya ɗauki ta ƙafa 6 da rabi. Ka kuma duba mariƙinta na baya: idan ya yi tsawo har yana tokarar cikinka ko yana kama hannun riga, ka ajiye ta.

Ƙarfin sandar da yadda take lanƙwasa su ne suka fi muhimmanci, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. A jikin kowace sanda, kusa da mariƙi, akwai rubutu. Ka nemi mai harafin M, ma'ana matsakaiciya, sannan ka duba nauyin koton da aka rubuta mata, misali giram 7 zuwa 21 ko 10 zuwa 30. Ka tafi da kotonka shagon, domin nauyinsa dole ya faɗa cikin wannan iyaka, in ba haka ba jifa ba za ta yi nisa ba. Bayan haka ka dafa kan sandar a ƙasa a hankali, ka lura da inda ta lanƙwashe. Abin da ake so shi ne kashi ɗaya cikin uku na sama ya yi laushi, sauran jikin ya tsaya da ƙarfinsa. Wannan laushin yana da amfani biyu: yana sa koton ya yi rawarsa, kuma yana hana ƙugiyoyi masu baki uku da ke jikin koton fizgewa daga bakin kifi lokacin da yake tsalle yana girgiza kai.

Na ga wannan da idona a madatsar ruwa ta Tiga, wata safiya bayan asuba, lokacin da ruwan yake kwance kamar faranti. Wani kifi da ake kira tsage ya taso ya doki koton har ruwa ya fantsamo, ni kuma ina riƙe da sanda mai tauri, sai na fizga nan take, koton ya dawo ta gefen kunnena babu komai a jikinsa. Sau uku hakan ta faru kafin in gane cewa ido ne ke yaudarata. Kifin da ke cin koto a sama yakan kuskure a karon farko, kuma ba a jan sanda sai an ji nauyinsa a hannu. Sanda mai laushin kai tana ba kifi wannan ɗan lokacin ko da hannunka ya yi gaggawa.

Kwaɗon nan kuwa shari'arsa daban ce. An yi shi ne domin wurare masu ciyawa da bado, irin gefen kachalar da ta cika fadamun Haɗeja zuwa Nguru, shi ya sa ƙugiyoyinsa biyu suke kwance a jikinsa don kada su kama shuka. Ƙugiyoyin masu kauri ne, kuma kifin da ya ɗauka zai nufi cikin ciyawa kai tsaye, don haka yana buƙatar sanda mai harafin MH ko H, wato wadda ta fi matsakaiciya ƙarfi, ta ƙafa 7 ko sama da haka kaɗan. Idan kuɗin shinkafar sanda ɗaya kawai zai saya, ka tambayi kanka inda ka fi yin fatsa. A ganina, tun da biyu daga cikin kotonka na buɗaɗɗen ruwa ne, matsakaiciyar ita ce ta fi cancanta, kwaɗon ya jira wata kaka.

Game da zare, kitsattsen zare da na lailon duka ba sa saurin nutsewa, don haka sun dace, amma ka guji wanda ake kira fulorokabon, domin yana nutsewa ya ja hancin koton ƙasa. Inda akwai tsage, ka sa 'yar siririyar waya kamar taƙi ɗaya tsakanin zare da koto, saboda haƙoransa suna yanke zare kamar reza.

Kafin ka biya kuɗi, ka zura ɗan auduga cikin kowane zoben da zare ke bi. Idan audugar ta maƙale, zoben ya tsage kuma zai ci maka zare. Tun da a babur za ka riƙa ɗaukarta, ka zaɓi mai gaɓa biyu, domin ta fi mai zugewa kamar eriyar rediyo ƙarko. Sandar kabon ta fi ta faiba sauƙin nauyi, kuma ita ce ta fi daɗin wannan aiki, sai dai tana ɗaukar wutar lantarki. Saboda haka da damina, da zarar ka ga hadari ya haɗo ko ka ji tsawa, ka kwantar da ita ka fito daga ruwa, kuma ka kula da wayoyin lantarki idan kana tafe da ita a tsaye.