Tambaya da Amsa: Tsohon labarina ya saɓa wa sabon littafina

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarun baya na rubuta gajeren labari a wani zauren marubuta na Facebook, inda mahaifin jarumar ya rasu tun tana goye. Yanzu ina faɗaɗa rayuwarta zuwa littafi mai kashi uku, kuma labarin ba zai tafi ba sai uban yana raye. In goge tsohon ne, ko in yi shiru?
Wata marubuciya daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki goge, kada kuma ki yi shiru, domin wanda ya zubar da hawaye saboda maraicin yarinyar nan zai ji an yaudare shi idan ya tarar da uban zaune a ƙofar gida babu wani bayani.

Marubucin Ingila J.R.R. Tolkien ya gamu da irin wannan matsala. A bugun farko na littafinsa The Hobbit, na 1937, wani dodo mai suna Gollum ya amince zai ba Bilbo, jarumin labarin, zobensa na sihiri idan Bilbo ya kayar da shi a kacici-kacici. Amma a ci gaban labarin, wato The Lord of the Rings, zoben ya zama abin da ke mallake zuciyar mai riƙe da shi, don haka ba zai yiwu a bayar da shi da daɗin rai ba. Sai Tolkien ya gyara babin kacici-kacicin a bugun The Hobbit na 1951, ya kuma bayyana cewa labarin farko Bilbo ne ya ƙaga shi don ya halasta mallakar zoben. Ta haka saɓanin da kansa ya zama shaidar sharrin zoben.

Saboda haka ki koma ki duba wanda ya faɗi rasuwar. Idan daga bakin uwa ko kaka yarinyar ta ji, to kin samu ƙofa, domin rabuwar aure mai ɗaci takan sa a ɓoye wa ɗa mahaifinsa, kuma ranar da gaskiya za ta bayyana tana iya riƙe kashi guda cur. Idan kuwa ke da kanki kika nuna an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, ina roƙonki kada ki dawo da shi ta hanyar ɗan tagwaye ko kuskuren gawa, domin masu karatu sun gaji da wannan dabara. Ki rubuta ɗan bayani a farkon kashi na ɗaya cewa gajeren labarin shi ne zubin farko, kuma daga yanzu littafin ne abin dogaro.