Kada a sayar da fadamar Yaya saboda Jamus

Ɗana, na saurari saƙon muryarka har ƙarshe duk da tsawonsa. Ka ce ka gama digirinka a Aliero, saura kaɗan ka kammala bautar ƙasa, wani abokinka ya gaya maka karatu kyauta ne a Jamus, don haka in nemo maka gurbi, kuma Yaya ta yarda a sayar da fadamarta ta bakin gulbi a haɗa maka kuɗin tafiya. Masu turo mini irin wannan saƙo suna da yawa, galibi addu'a nake musu in ajiye waya. Kai ba zan yi maka haka ba, don maganar fadamar nan ta tsaya mini a rai.

Abokinka bai yi ƙarya ba, rabin magana dai ya faɗa. Yawancin jami'o'in gwamnati a nan Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, sai kuɗin zango da kan kai Yuro 300 a wurare da yawa. Jihar Baden-Württemberg ma tun 2017 take karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga hannun irinmu da ba 'yan Tarayyar Turai ba. Amma kafin a buga maka biza sai ka zuba kuɗin zaman shekara guda a wani asusu da ake kullewa, wanda aka mayar Yuro 11,904 a 2024, ana sakar maka 992 duk wata. Ka buga shi da canjin yau, za ka ga ya doshi naira miliyan 20. Ban sa kuɗin jirgi ba, ban sa inshorar lafiya ba, wadda dole ce kuma ta haura Yuro 100 a wata. Wannan na shekara ɗaya ne, digiri na biyu kuwa shekara biyu ne ga wanda komai ya tafi masa daidai. Fadamar da ke ba gidanku shinkafa rani da damina ita za a mayar kuɗin hayar ɗaki na 'yan watanni? A shekara ta biyu me za a sayar?

Ɗakin ma samunsa aiki ne. Da na zo, a ƙasan ɗakin wani ɗan Ghana na kwana tsawon makonni, kan bargo, jakata ce matashi. Ina aika saƙo ga masu gidaje, da sun ga sunana shiru kake ji. Inda aka kira ni kuwa zaunar da ni ɗaliban gidan suka yi a kicin suna mini tambayoyi, suna so su ga ko zan dace da su, a ƙarshe suka ɗauki wani. In ka samu, za a nemi kuɗin ajiya da doka ta yarda ya kai hayar wata uku. Ba adireshi ba za ka yi rajistar zama ba, abin da suke kira Anmeldung, wadda ake so ka yi cikin kwana 14 da tarewa. Ba rajista kuma kusan komai naka a tsaye yake. Daga nan wasiƙu su fara sauka, duk da Jamusanci, har da ta kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata kan kowane gida, ko kana da talabijin ko ba ka da ita.

Duk wannan ana jurewa. Abin da ya fi kayar da yaranmu shi ne jarrabawa, kuma ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba. A darussa da yawa ba mai kiran suna, ba gwajin tsakiyar zango da zai tallafe ka, ba mai tambayar me ya hana ka zuwa. Kai za ka yi wa kanka rajistar jarrabawa a intanet, in ranar ta wuce ta wuce. Zango guda cur ya rataya a kan awa biyu. A yawancin kwasa-kwasai dama uku gare ka a kan darasi ɗaya. Ka faɗi ta ukun, an sallame ka, kuma galibi ba za ka sake karanta wannan fannin a wata jami'ar ƙasar ba. Farfesan da zai kayar da kai mutumin kirki ne, a kan keke yake zuwa, a layi ɗaya kuke karɓar abinci, zai ma riƙe maka ƙofa ka wuce. Sai dai ba gidansa da za a je da dattijo bayan sallar isha'i, ba wanda ya san wanda ya san shi. Mu da muka tashi inda kowace ƙofa ke da mai buɗe ta in an bi ta hannun da ya dace, wannan ne ya fi ba ni tsoro a shekarar farko.

Akwai wani ɗan Arewa da muka yi zamani, ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Tun watansa na biyu aka fara kiransa daga gida: kuɗin makarantar ƙanne, bikin ƙanwa, rufin ɗaki, maganin tsohuwa. Ya kama aikin dare a wani sito, yana ɗora kwalaye daga goma na dare zuwa shida na safe, sannan ya zo aji idonsa jawur ya kife kai a kan tebur. Dokar aiki ta yanzu ta ba ɗalibi kwana 140 cikakku ko rabin yini 280 a shekara, lada kuma ya haura Yuro 12 a awa, to in ka juya shi zuwa naira sai ka ga kamar ka tsinci dami a kala. Shi ma haka ya gani, mutanen gidansu ma haka. Ranar da wasiƙar sallamarsa daga jami'a ta zo ina ɗakinsa. Ya buɗe ta a tsaye, bai ko cire rigar sanyi ba, ya karanta, ya miƙo mini ya ce in duba ko shi ne bai gane Jamusancin ba. Ya gane. Shafi ɗaya ce, da sa hannu, da bayanin inda zai kai ƙara in yana so. Wayarsa na kan gado tana haske, daga gida ne.

Shi ya sa nake so ka zaunar da kowa tun yanzu, da Yaya, da babanka, da baffanninka, ka ce musu in ka tafi ba ko sisi da zai fito daga hannunka sai ka karɓi takarda. Za su ce to, ba za su cika ba. Ni na sha wannan. Lokacin da nake wanke tukwane a bayan wani gidan abinci, ina tara kwalaben roba in mayar kanti a ba ni santi 25 kan kowace ɗaya, a gida cewa ake na zama Bature, na manta da dangi. Hoton da na ɗauka cikin ƙanƙara da rigar aro shi aka riƙe hujja. Har yau akwai wadda ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska saboda ban aiko da gudummawar wani biki ba, a watan da taliya da man gyaɗa kaɗai nake ci. Ka san ta, ba sai na faɗa ba.

Sanyi kuwa riga ce maganinsa. Duhun ne ba shi da magani. A nan arewacin ƙasar, a watan Disamba gari ba ya wayewa sai bayan takwas, wajen huɗu na yamma rana ta faɗi. Azahar, la'asar da magariba duk su same ka a cikin makaranta, kana neman lungu a ƙarƙashin matakala ka shimfiɗa rigarka. Azumin da na yi ina ɗalibi a tsakiyar bazararsu ya faɗo, awa 18 da ɗoriya, ka sha ruwa wajen goma na dare kai kaɗai da dabino da burodin Turkawa. Kai ka yi sa'a, yanzu azumi ya gangaro lokacin gajerun ranaku. Ranar Sallah ranar aiki ce, ka sauko daga idi ka wuce aji. Kuma in aka yi rasuwa a gida, kafin ka gama duba kuɗin tikiti an dawo daga maƙabarta. Haka na ji rasuwar kakarka, a tashar jirgin ƙasa, mutane na wucewa ta gefena.

Kada ka ɗauka nadama nake. Na gama, da sakamakon da ba na jin kunyar nuna wa kowa, na yi amfani da wata 18 da ake ba wanda ya kammala don neman aiki, na samu, ba wanda ya yi mini hanya. A Hamburg nake yanzu, garin su Heinrich Barth, Baturen nan da ake kira Abdulkarim, wanda ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, har ya samu kwafin Tarikh al-Sudan a Gwandu. Shi sai da ya koyi Larabci da Hausa ya iya zama da mutanenmu. Nakan tuna da shi in na ga yaranmu sun shekara uku a nan ba sa iya karanta wasiƙar da aka jefo musu a akwati, suna cewa ai da Turanci ake koyar da kwas ɗinsu. Aji ne kawai da Turanci. Mai gida, likita, ofishin baƙi da mai ɗaukar aiki duk da Jamusanci za su tare ka.

Gurbi kuma ba ni zan nemo maka ba, ba kuma dillali ba. Duk wanda ya ce ka ba shi miliyan kaza ya samo maka jami'a a Jamus, kuɗinka yake so, don abin da zai yi kai ma za ka iya da wayarka. Jami'o'i da yawa ta uni-assist suke karɓar takardu, wato cibiyar da ke tantance musu takardun ɗalibai 'yan ƙasar waje, wasu kuma kai tsaye. Ka shiga shafin DAAD, hukumar Jamus mai tallafa wa ɗalibai, ka duba tallafin karatu, neman ba a biyan ko kwabo, amma wasu shirye-shiryen suna son wanda ya yi aiki shekara biyu bayan digiri, don haka aikin da za ka samu a Birnin Kebbi ko Sakkwato bayan bautar ƙasa ba ɓata lokaci ba ne. Ka fara bin takardar sakamakonka ta shekara-shekara tun yanzu, ka san yadda fitar da ita ke cin lokaci. Ka fara Jamusanci a waya, in hali ya yi ka zauna jarrabawar Jamusanci ta cibiyar Goethe a Legas.

Ka turo mini hoton sakamakonka da sunan fannin da kake so, in duba in faɗa maka gaskiya ko zai shiga. In ka samu tallafi, kuɗin jirgi da rigar sanyi a wuyana. Yaya kuma zan kira ta ranar Lahadi da kaina a kan maganar fadama, kada ka riga ni kai mata labari. Ka gaishe da babanka.

Kawunka.