Amsar tambayarka kan sunan Idris a ƙasar Wales

Ɗana, saƙonka ya iso. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ka ce maƙwabcinka a Cardiff, dattijo Bature wanda ba Musulmi ba, Idris ake ce masa, har kana tambaya ko a wurinmu suka ara, kuma ko ya dace ka raɗa wa jaririn wannan suna.

Ba aro suka yi ba, nasu ne tun kaka da kakanni. A tsohon harshensu Iudris ne, ma'anarsa shugaba mai zafin nama. Sun yi wani sarki a yankin Meirionnydd, Idris ɗan Gwyddno, wanda tarihinsu ya ce an kashe shi a yaƙi a bakin kogin Severn wajen shekarar 632. Duba shekarar nan da kyau, ita ce shekarar wafatin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. A lokacin ko labarin Musulunci bai kai tsibirin Birtaniya ba, balle sunayenmu.

Suna da wani dutse kusa da garin Dolgellau, Cadair Idris, wato kujerar Idris, tsayinsa mita 893. Tatsuniyarsu ta ce wani ƙato ne mai suna Idris yake zama a kai yana nazarin taurari, kuma duk wanda ya kwana a ƙolinsa, ko ya tashi mawaƙi ko ya tashi da taɓin hankali. Wannan camfi ne, amma ya nuna maka yadda sunan ya zauna a zukatansu. Akwai kuma mawaƙinsu Idris Davies, ɗan garin Rhymney, wanda tun yana yaro ya shiga ramin haƙar kwal, ya rasu a 1953. A zamaninsa sunan ya yi yawa a garuruwan masu haƙar kwal, shi ya sa ka fi jin sa a kan tsofaffi irin maƙwabcin naka.

Namu kuwa na Annabi Idrisu ne, wanda Allah ya ambata a Suratu Maryam da Suratul Anbiya. Sunaye biyu ne, kowanne da tushensa, suka haɗu a baki ɗaya.

Don haka ka sa masa, ba na ganin aibu ko kaɗan. Suna da niyya yake tafiya, kai kuma Annabin Allah ka nufa. Ni har daɗi na ji, don yaron zai shiga makaranta malamai su kira shi daidai, ba a lanƙwasa masa suna ba.

Sai dai kada zaman Turai ya sa ka yi sakaci. Ka yi masa huɗuba, ran bakwai a yi aski a yanka rago. Idan yankan zai yi wuya a can, turo kuɗin mu yanka a nan gida. Ka nemi limami a unguwar Butetown ta nan Cardiff, inda Yamalawa da Somalawa suka zauna tun zamanin jiragen kwal, ya yi addu'a. Dattijon nan ma a kai masa nasa naman, haƙƙin maƙwabtaka ne.

Ka gaida mai jego.