Tambayoyinku: Waya za ta iya auna gudun jirgin ƙarƙashin ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Alƙahira, kusan kullum ina hawa jirgin metro. Na sauke manhajar auna gudu a wayata don in ga gudun da jirgin ke yi. Daga wajen Helwan tana nuna kilomita 60 ko 70 a awa, amma da mun kusa tashar Sadat sai ta koma sifili alhali jirgi na tafiya, wata rana ma ta nuna mini 360. Wayar ce ta lalace ko manhajar ce ta bogi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah Ya ba da ilimi mai amfani. Wayarka lafiyarta ƙalau, kada ka kai ta wurin mai gyara ya karɓe maka kuɗi a banza. Layi na ɗaya na metro ɗin Alƙahira, wanda aka buɗe a 1987, yawancinsa a saman ƙasa yake tafiya. Sai ya iso tsakiyar gari yake nutsawa, ita kuwa tashar Sadat a ƙarƙashin dandalin Tahrir take. Daidai inda jirgin ya nutse, nan wayarka ta daina jin taurarin ɗan'adam.

Taurarin GPS na Amurka, waɗanda waya ke sanin inda take da su, suna shawagi ne a nisan kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a rana yana watso saƙon lokaci da inda yake. Waya saurare kawai take yi, ba ta aika musu komai. Tana buƙatar jin aƙalla huɗu kafin ta san inda take. To saƙon da ya yi wannan doguwar tafiya, kafin ya iso ya galabaita ƙwarai, rufin ɗakin kankare ma yana iya tare shi, balle mita goma ko ashirin na ƙasa da siminti da rodi, ga kuma tarago na ƙarfe da kake ciki. Wayoyin yanzu suna kuma sauraron taurarin GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, wannan yana taimakawa a tsakanin dogayen benaye, amma a cikin rami duk kanwar ja ce, domin dukkansu daga sama suke magana.

Shi kuwa 360 ɗin nan, ga inda ya fito. Idan waya ta rasa taurari ba ta yin shiru, sai ta koma kintace da eriyar kamfanin waya da Wi-Fi ɗin da take jiyowa. Yanzu tana zaton kana nan, bayan daƙiƙa biyar ta jiyo wata eriyar sai ta ɗauke ka ta ajiye mita 500 gaba. Manhajar da ba a rubuta da kyau ba sai ta raba 500 da 5, ta samu mita 100 a daƙiƙa, wato kilomita 360 a awa. Lissafin daidai ne, abin da aka ba ta ne ƙarya.

Lambobin da ka gani a wajen Helwan kuwa, inda jirgin ke saman ƙasa, ka yarda da su. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a fili waya ta fi iya faɗin gudunka fiye da faɗin inda kake. Ka san yadda jiniyar motar asibiti take yin tsini idan tana nufo ka, ta yi kauri idan ta wuce? Haka saƙon tauraro yake ɗan canza murya gwargwadon yadda kake kusantarsa ko kake nisantarsa. Ana kiran wannan tasirin Doppler, da shi na'urar GPS take fitar da gudu kai-tsaye. Shi ya sa za ka ga ɗigon nan mai shuɗi ya kauce daga layin dogo da 'yan mitoci a taswira, amma gudun da aka nuna bai kauce da fiye da kilomita ɗaya ko biyu ba, muddin kana kusa da taga.

Tambaya: Na ji an ce akwai na'ura a cikin waya mai jin motsi, wadda ke juya allo idan an karkata wayar. Me zai hana a yi amfani da ita a cikin ramin?

Amsa: Tunani ne mai kyau, kuma da irin wannan dabarar jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku suke sanin inda suke. Bambancin shi ne tasu na'urar ta miliyoyin daloli ce, ta wayarka kuwa ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ita ba gudu take ji ba, ƙaruwar gudu ko raguwarsa take ji, wato fizgar da kake ji idan jirgi ya tashi ko ya taka birki. Don a samu gudu sai an riƙa tara waɗannan fizgar daƙiƙa bayan daƙiƙa, duk ɗan kuskuren da ya shiga kuma tare da shi ake tarawa.

Bari in ba ka lissafi ɗaya da zai kashe maganar. Ƙarfin da ƙasa ke jan kowane abu da shi ya kai 9.8 a ma'aunin wannan na'ura. Idan hannunka ya karkata wayar da digiri ɗaya tak, na'urar za ta ɗauki kusan 0.17 daga cikin 9.8 ɗin nan a matsayin fizgar jirgi. Cikin minti ɗaya kuskuren ya taru ya ɗan haura mita 10 a daƙiƙa, kusan kilomita 37 a awa, ko da jirgin yana tsaye cik. Wa zai riƙe waya a metro lokacin tashi daga aiki ba ta karkata da digiri ɗaya ba? Ga mai son gwaji don nishaɗi, akwai manhajar phyphox ta jami'ar RWTH da ke Aachen a Jamus, kyauta ce. A ajiye wayar a kan abu mai tsayawa, a fara awo jirgi na tsaye, a tsayar idan ya tsaya a tasha ta gaba. Tunda an san gudun ƙarshe sifili ne, ana iya cire kuskuren da ya taru. Aikin ɗaliban kimiyya ne, ba na mai sauri ba.

Shi kansa jirgin bai dogara da taurari ba. Yana ƙirga juyawar ƙafafunsa, sannan a layukan zamani akwai ƙananan na'urori da aka dasa a tsakanin dogo, duk wadda ya wuce ta kanta tana gaya masa daidai inda yake, sai ya gyara lissafinsa.

Tambaya: To ba wata hanya ke nan ga mai waya kawai?

Amsa: Akwai, kuma ita na fi yarda da ita: agogo da taswira. Kafin ka sauka ƙasa, buɗe Google Maps, danna ka riƙe a kan tasha ɗaya, zaɓi auna nisa, ka bi layin zuwa tasha ta gaba. A cikin jirgi ka kunna agogon ƙirga daƙiƙa lokacin da ya motsa, ka tsayar lokacin da ya tsaya. Raba mitoci da daƙiƙoƙi, ka ninka da 3.6. A ce mita 1,200 cikin daƙiƙa 90, ka samu kilomita 48 a awa. Wannan matsakaicin gudu ne, ƙololuwarsa a tsakiyar hanya ta fi haka, tunda tashi da birki sun ci nasu rabon. Kada ka yi mamaki idan lambar ta yi maka kaɗan. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, wanda ya fara aiki tun 1863, idan aka haɗa da tsayawa a tashoshi matsakaicin gudunsa wajen kilomita 33 ne a awa. Duhun rami da ƙara da kusancin bango ne suke sa mutum ya ji kamar yana tashi sama.

Tambaya: Malam, zan tafi Umara. Ina so in auna gudun jirgin ƙasa na Haramain daga Makka zuwa Madina, amma ba zan sayi data ba. Zai yi?

Amsa: Zai yi, Hajiya, Allah Ya karɓi ibada. Jin taurari ba ya cin data ko sisi. Abin da data ke yi shi ne kawo wa waya jadawalin taurarin da sauri. In babu ita, sai wayar ta saurare shi daga sama a hankali, abin da kan ɗauki rabin minti zuwa 'yan mintoci. Saboda haka ki buɗe manhajar tun kina waje a fili, ki bari ta kama, sannan ki nemi kujerar taga ki jingina wayar da gilashi. An gina layin don gudun kilomita 300 a awa, don haka idan kin ga 290 ko 300 a tsakiyar hanya, gaskiya ce. Idan wayarki Android ce, manhajar GPSTest za ta nuna miki taurari nawa take ji a lokacin. In sun yi ƙasa da huɗu, ki kawar da kai daga lambar sai sun dawo.