Ku Tambayi Anti: Kullum Sai Na Ɗau Niyya, Bayan Sati Ɗaya Na Koma 'Yar Gidan Jiya

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na zaɓo wannan makon, kuma da gangan na haɗa su saboda ciwonsu ɗaya ne, kowa dai da inda yake masa ƙaiƙayi. Masu tambayar aure ku yi haƙuri sai wani satin, na ga saƙonninku.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni tela ne a Zariya, shekarata 27. Matsalata duk bayan azumi sai na ɗau niyya mai ƙarfi in ce daga yau kullum izu biyu zan riƙa karantawa, zan riƙa tashi ƙarfe huɗu in yi nafila sannan in fita gudu kafin in buɗe shago, har takalmin gudu na saya wallahi. Sati ɗaya biyu sai komai ya watse. Bana na ga wani bidiyo ana cewa in mutum ya yi abu kwana 21 a jere shikenan ya zama jikinsa, na dage na yi kwana 19 sai ɗinkin biki ya taso muka kwana biyu a shago, tun daga nan ban ƙara buɗe Alƙur'ani ba sai dai ran Juma'a. Abokina ya ce in haƙura kawai hali zanen dutse ne. Anti da gaske ne, ko ni ne ba ni da zuciya?

AMSA: Ƙanina ka gaishe min da abokin naka, ka ce masa Anti ta ce shi kansa wanda ya zana dutsen ba rana ɗaya ya zana ba. Kuma abin da kake fama da shi ma ba hali ba ne, sabo ne, shi ko sabo koyonsa ake yi. Kai da kake tela ai bai kamata in tsaya yi maka dogon bayani ba. Ka tuna ranar da ka fara hawa keke, idonka na kan ƙafarka, zare na tsinkewa, keken na juyawa baya, gumi na zuba kamar kana noma. Yau fa? Kana taka keke kana hira da kwastoma kana jin rediyo, ƙafarka ba ta neman izininka. Kuma na tabbata ogan da ya koya maka bai miƙo maka shaddar ango ranar farko ya ce yanka ba, da sa maɓalli da guga da kalmasa ka fara. Toh me ya sa kai ka ɗebo izu biyu da tashin ƙarfe huɗu da nafila da gudu ka jibga wa kanka duk a safiya ɗaya? Ko jaki aka yi wa wannan lodin ai sai ya kwanta.

Zancen kwana 21 kuma bari in gaya maka inda ya samo asali. Wani likitan tiyatar gyaran fuska ne a Amurka, Maxwell Maltz, ya rubuta a 1960 cewa ya lura marasa lafiyarsa sukan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar fuskarsu. Lura ce kawai ta likita, kuma cewa ya yi aƙalla, sai masu yaɗa magana suka cire aƙallar suka mayar da ita doka. Da aka zo aka gwada abin da gaske a jami'ar UCL ta Landan, binciken Phillippa Lally da abokan aikinta da ya fito a 2009, mutum 96 aka bi har sati 12, kowa ya zaɓi ɗan ƙaramin abu guda da zai riƙa yi kullum, wani shan ruwa lokacin abincin rana wani ɗan gudun minti 15 kafin na dare. Tsaka-tsakin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, amma a ƙiyasinsu tazarar daga kwana 18 take har zuwa 254, gwargwadon mutum da kuma nauyin abin. Abin da ya fi shafarka shi ne sun ga cewa tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Wato kwana biyun da ka yi a shago ba su ne suka kashe maka karatu ba, cewar da ka yi "ai lissafi ya ɓaci" ita ta kashe shi.

Mu kuma da muke salla sau biyar a rana muna da wani gata da ba mu cika lura da shi ba, turaku biyar ne kafaffu a cikin yininmu, ba sai ka sa alam ba ladan zai kira. Sabon abu in ka bar shi a sake, ka ce "zan yi in na samu lokaci", tela ba ya samun lokaci har abada. Ɗaure shi za ka yi a jikin turken da yake tsaye tuntuni. Ka ce ina sallame Asuba, kafin in naɗe sallaya, zan karanta shafi ɗaya. Shafi ɗaya fa, ba izu ba. Kuma Alƙur'anin ya kwana kusa da sallayar, ba can saman wadrob cikin jaka ba. Na san za ka raina, to yi lissafi da kanka: bugun Madina shafi 604 ne, in ka kai matakin shafi ɗaya bayan kowace salla, shafi biyar ke nan a rana, cikin wata huɗu ka sauke, sauka uku a shekara. Izu biyun naka na sati ɗaya sauka nawa ya ba ka a shekarun nan? Hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim ai ka san shi, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Alarammomin da kake gani sun haddace izu sittin, da ɗan rubutun allo guda suka fara, a biya a wanke a sake rubutawa, shekara da shekaru.

Sannan tun yanzu ka yanke abin da za ka yi ranar da aiki ya rincaɓe, don ɗinkin sallah da na biki ba za su daina zuwa ba. Ranar nan aya uku ta ishe ka, a tsaye ma in ta kama. Ba yawan ake nema ba a irin wannan ranar, kar dai igiyar ta tsinke. In kuma ka tsallake gaba ɗaya to gobe ka ɗora daga inda ka tsaya, ba wani komawa kwana na ɗaya.

Gudu kam ka ajiye shi tukuna sai karatun ya zauna, wata biyu haka. Ni da nake maka wannan wa'azin na taɓa sayen keken motsa jiki da kuɗin adashena, na hau sau bai fi goma ba, yanzu haka yana ɗakina hijabaina ne rataye a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a sati take ba babba shawara na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, wato minti 30 sau biyar. In tsakanin gidanku da shago akwai 'yar tazara, ka bar hawa mashin da safe ka taka da ƙafa, ga amfanin takalmin naka ya fito.

TAMBAYA: Anti don Allah ki taimaka min, ni matar aure ce a Gombe da yara biyu. Waya ce ta zame min jaraba, da na kwantar da yara sai in ce bari in ɗan duba minti biyar, daga WhatsApp in shiga TikTok daga nan in faɗa karatun littafi a group, kafin in farga ƙarfe biyun dare, Asuba sai rana ta fito, yara kullum a makare suke zuwa makaranta har malamarsu ta yi min magana, maigida kuma ya fara ɗaure fuska. Na sha rantsuwa na daina amma da dare ya yi kamar ana jan hannuna.

AMSA: Ƙanwata ki daina rantsuwar nan kar kaffara ta taru miki. Ƙarfe goma sha ɗayan dare, kin gaji, kin yi girki kin yi wanke-wanke, wayar na ƙarƙashin filo, a wannan lokacin babu wata zuciya da za ta iya kokawa da ita, tawa ma ba za ta iya ba. Su masu waɗannan manhajojin da gangan suka yi su ba su da ƙarshe, kina turawa sama wani na fitowa. Don haka kokawar ba da dare za ki yi ta ba, da yamma za ki gama ta tun kina da ƙarfi, ta hanyar raba ɗaki da wayar.

Akwai wani abu da ya faru da sojojin Amurka a yaƙin Biyetnam da nake yawan tunawa. Kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin da aka bincika sun kamu da jarabar hodar heroin a can, hukuma ta tsorata cewa za su dawo gida su cika gari da 'yan ƙwaya. Mai bincike Lee Robins ta bi sawunsu a farkon shekarun 1970, sai ta tarar cikin waɗanda suka kamu kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai jarabar ta dawo musu a shekarar farko da komawarsu gida. Wurin ya canja, abokan sha babu, kayan ba sa kusa. Ba ina haɗa ki da masu shaye-shaye ba ne fa, nufina in wuri zai yi wannan tasirin a kan abu mai ƙarfi haka, ina ga waya.

Ga abin da za ki yi. Caja ta koma falo ko kicin, can wayar za ta riƙa kwana, kuma ki ɗaure ajiye ta da sallar Isha'i ko da kwantar da yara, kina rufe musu net kina kai ta makwancinta. Na san uzurin da za ki kawo, alam. Ki sayi ɗan agogon tebur mai batir. Datar dare mai arha ɗin nan kuma ki bar sayenta kwata-kwata, arharta ce take cinye miki barci, alhali babba yana buƙatar aƙalla awa bakwai. Amma kar ki bar gurbin haka fayau, don gaskiyar magana wannan lokacin shi ne kaɗai naki a duk yinin, shi ya sa kike riƙe shi da ƙarfi, ba lalaci ba ne. Ki ware wa kanki minti 40 da rana bayan Azahar ki yi karatun littafinki ba tare da jin kin yi laifi ba, da dare kuma ki samu littafin takarda ko ku yi hira da maigidan. Shi ma ki ce masa tasa wayar ta bi taki falo, in dai ba ɗaure fuskar kaɗai ya iya ba. Daren farko da na biyu za ki yi ta juyi hannunki na laluben ƙarƙashin filo, ki bar shi ya laluba.

TAMBAYA: Hajiya ina wuni. Ni adaidaita nake ja a Kano, in na cire balas da kuɗin mai ina samun ɗan abin da ba a rasa ba, amma wallahi ban san inda yake shiga ba, wata ya ƙare ba ko sisi. Na ce zan fara ajiya in kuɗi sun ƙaru, shekara uku ke nan ba su ƙaru ba.

AMSA: Malam lafiya lau, Allah Ya ƙara buɗi. Ba za su ƙaru ba ai, ko sun ƙaru hidima za ta riga su girma. Tambaya ɗaya zan maka: ka taɓa cewa mai keke ya jira sai abin da ya rage sannan ka ba shi balas? Ba ka isa ba, shi kake fara cirewa. Toh ka mayar da ajiyar balas na biyu, lokacin da kake ware nasa a lokacin za ka ware naka, hannu ɗaya, kafin ka tsaya wajen mai shayi. Naira 500 kullum naira 15,000 ce a wata, a shekara 182,500. In 500 ta yi nauyi ka fara da 200, kar ka ji kunya.

Kuma kar ta kwana a aljihunka ko a asusun wayar da kake tura kuɗi da shi, don duk kuɗin da hannu ke kaiwa cikin sauƙi ba ajiya ba ne. Iyayenmu da suka yi asusun ƙasa wanda sai an fasa ba wawaye ba ne. Ko ka samu mai karɓar adashen kullum da 'yan tasharku suka daɗe da sani, shi dai zubin rana ɗaya yakan ɗauka a wata ladan aikinsa, amma ka tabbata yana rubuta maka a kati a gabanka kullum. Da yake naira ba ta zama wuri ɗaya, in sun taru wata uku huɗu ka juya su zuwa abu, 'yar tunkiya a gida ko buhun hatsi da kaka. Ranar da keke ya kwana wajen bakanike ba a yi ciniki ba, ka jefa ko naira 50 ce. Ka rubuto min bayan babbar sallah in ji ko tunkiyar ta haihu.