Shafin gwamnati ne ko na 'yan damfara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An turo sanarwa a zauren WhatsApp na unguwarmu, wai gwamnatin jiha za ta raba wa mata jari, a latsa wani adireshi a cike fom. Da na latsa sai na ga shafin Facebook mai hoton gwamna da tambarin jiha. Ta yaya zan gane na gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Dorayi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Hoton gwamna da tambari ba shaida ba ne, duk mai waya zai iya kwafo su cikin minti biyu.

Fara duba adireshin. Shafukan intanet na hukumomin Najeriya yawanci suna ƙarewa da .gov.ng, kamar kanostate.gov.ng, kuma hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ce ke kula da bayar da shi. In kin ga wani abu daban, ki dakata. A Facebook kuma, shiga bayanan shafin ki nemi wurin da aka rubuta Page transparency. Zai nuna miki ranar da aka buɗe shafin da sunayen da ya taɓa amfani da su. Shafin da aka buɗe makon jiya, ko wanda a baya sayar da atamfa yake yi, ba na gwamnati ba ne.

Kada shuɗiyar alamar tantancewa da ke gefen sunan shafi ta ruɗe ki. Yanzu da kuɗi ake samunta a X (wato tsohon Twitter), haka ma a Facebook. A X, alamar hukumomin gwamnati mai ruwan toka ce.

Abin da ke damuna shi ne, su ma hukumomi da nasu sakacin. Sai ki ga sanarwa ta fara fita a shafin wani hadimi, da Turanci zalla, alhali mutanen Kurna da Fagge da Hausa suke karatu. A 2020, lokacin korona, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, tana wallafa alƙaluman cutar kullum a shafinta guda, kowa ya san inda zai duba. Haka ya kamata a yi.

Game da wannan fom ɗin, in ya nemi kuɗin rajista, ko lambar sirrin katinki, ko lambar da banki ya turo miki ta tes, ki rufe shi nan take. Ki saurari Rediyon Kano ko ARTV. Rabon jari na gaskiya ba zai wuce su ba. Sannan ki faɗa wa matan zaurenku kafin wata ta cike.